Tarin da Ke Biyo Bayan Harbi

In za ka yi magana da surukina, ka tsaya ta damansa. Kunnen hagu ya daɗe da ajiye aiki, shi ma da bakinsa yake cewa an bar masa shi ne kawai don hula ta sami wurin zama. Farkon zuwana gidan ban san haka ba, na durƙusa ta hagunsa na yi ta jero gaisuwa, shi kuwa yana kallon bango yana kurɓar shayinsa. Na koma ɗaki na ce wa maigidana babansa ba ya ƙaunata. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce in koma in gwada ɗaya gefen.

Gyaran bindiga Baba yake yi, da lasisin hukuma a rataye a bango cikin gilashi. Shagon a jikin gidan yake, a ƙarshen layi inda gari ya ƙare, ƙofa ɗaya tana kallon titi, ɗaya tana fita baya. A ciki akwai dogon tebur da mai ya baƙanta, an ɗaura masa abin damƙe ƙarfe a baki, sama kuma magagarai ne a jere, daga babba har zuwa wanda bai fi tsinken sakace ba. Warin kananzir da man bindiga ya kama rigunan Baba yadda ko wane sabulu aka sa ba ya fita. Masu zuwa wurinsa mafarauta ne, da manoman da birai suka addaba, da masu gadin gandun daji. Hannunsa na hagu yatsa uku ne, shi ya sa mutanen layi ke ce masa Takwas in ya ba da baya. Ya sani sarai. In aka tambaye shi lafiya, wani lokaci sai ya ce takwas ɗin dai suna nan, ba a ƙara ba, ba a rage ba.

Doka ɗaya ce a shagon, kuma da ita aka san shi. Duk bindigar da ya gyara, shi zai fara harba ta daga kafaɗarsa kafin mai ita ya taɓa. Haka ya ga wanda ya koya masa aikin yana yi, kuma yakan ce wanda ya dafa shi ke fara ɗanɗanawa. Bayan gida akwai wani tudun jar ƙasa da masu aikin titi suka bari, can yake fita da bindigar, mai ita na biye da shi. A nan yatsun biyu suka tafi, tun maigidana yana goye, ranar da wani tsohon bututun bindiga ya fashe masa a hannu. Mai bindigar ya koma gida da yatsunsa cif, ya bi gari yana ba da labari, kuma tun daga lokacin mutane ke tsallake shaguna su zo wurin Baba.

Abin da mutanen gari ba su sani ba yana ɗakin girki. Da zarar Mama, surukata, ta ji ƙarar ƙofar baya, sai ta ajiye duk abin da ke hannunta, wuƙa ce ko ludayi, ta zauna a kan wata 'yar kujera ta haɗa hannaye a cinya. Ko magana kake mata ba ta ji. Sai an yi harbin, tagogi sun girgiza, shiru ya biyo baya, sannan a ji Baba ya yi tari sau biyu, irin na wanda hayaƙi ya shiga wa maƙogwaro. A nan za ta tashi ta ɗauki wuƙarta, ta ci gaba da zance daga inda ta tsaya. Da na matsa mata da tambaya, ta ce tun da take a gidan, ranar yatsun ce kaɗai ba ta ji tarin ba. Ta kuma ja mini kunne kada in gaya masa, wai bai sani ba, kuma namiji ba ya son ya ji ana zaman fargaba a kansa.

Maigidana shi ne ƙarami a gidan, yayyensa duk mata, kuma Auta Baba ke ce masa har yau da furfura ta fara leƙo masa. Walda ya koya, yana yin ƙofofi da tagogi a wani shago a kasuwa, don tun yana yaro Baba bai yarda ya wuce bakin ƙofar shagon gida ba. Amma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. In ya ga an shigo da bindiga, ko abinci yake ci sai wuyansa ya miƙe. Bayan na haifi 'yarmu ta biyu ya ce shi ya gama da ƙofofi. Wutar walda na cinye masa ido a banza, idon Baba kuma ya fara rauni, in ba a yi wani abu ba shagon da aka yi shekara da shekaru ana ginawa zai koma ɗakin ajiye tarkace.

Hanya uku ce a gabansa, kuma mun juya su kamar yadda ake juya tufa a kasuwa. Wani abokinsa da ke sa kaki ya ce ya shiga aikinsu, in ya yi sa'a a tura shi ɗakin makamai ya koya a can. Akwai kuma makarantar koyon sana'a a babban birni, tafiyar yini guda a mota, wadda ke da sashen gyaran bindiga, shekara biyu ake yi. Ta uku kuwa tebur ne da ake hangowa daga ƙofar ɗakinmu. Ta kaki ni na soke ta, na ce ban yi aure don in yi ta naɗe katifa ana jefa mu gari gari ba. Makaranta kuma ta yi nisa, ga yara ƙanana. Wane mai hankali ne zai bar rijiya a gidansu ya tafi neman ruwa wani gari? Kowa ya ji maganar sai ya ce kyan ɗa ya gaji ubansa.

Wata safiya maigidana ya sa riga mai kyau kamar mai zuwa neman aiki, ya shiga shago ya zauna ta daman Baba. Bai daɗe ba ya fito, fuskarsa kamar an watsa mata toka. Baba ya ce masa ba zai koya masa ba, in da gaske yake ya tafi makaranta. Bai ƙara ko kalma ɗaya a kai ba.

Gidan ya yi sanyi. Maigidana ya sa a ransa cewa Baba ya raina hannunsa ne, yana ganin wanda ya saba da ƙofar gareji ba zai iya da kunamar bindiga ba. Gaisuwa kawai ke haɗa su, ita ma a tsaye. Da na ji ya koma yi wa abokin nan nasa mai kaki waya, yana tambayar yaushe za a ɗauki sababbi, na san fushi ne zai zaɓar masa hanya, kuma ni da yara ne za mu sha wahalarta. Ni kuma ba a san ni da haɗiye magana ba.

Da hantsi na kai wa Baba shayi, na ajiye ta damansa, na ƙi fita. Na ce ya yi mini haƙuri, amma ban taɓa ganin uban da ke da sana'a a hannu ya kori ɗansa waje ba. Na faɗi na yara, na faɗi nawa, na faɗi har abin da ba a tambaye ni ba. Yana ta goga wani ɗan ƙarfe da magagari bai ɗago ba, har na fara zargin ko kunnen daman ma ya bi ɗan'uwansa. Da na yi shiru sai ya hure ƙarfen, ya ce in ja kujera.

Ashe ya je makarantar da ƙafarsa. Ranar da ya ce wa Mama zai tafi birni sayen kayan gyara, can ya nufa. Ya zaga ɗakunan aikinsu, ya ga injin da ke sassaƙa ƙarfe kamar ana feƙe fensir, ya ga wani abu mai fitila da ake zurawa cikin bututu a ga tsagar da ido ba ya gani, da ma'aunin da ke faɗin kaurin ƙarfe har abin da bai kai gashi ba. Ya ce shi ido gare shi da kafaɗa, idon kuma ya fara sallama.

"Abu ɗaya na tambayi malaminsu," in ji shi. "Na ce wa ke fara harbawa. Ya kai ni bayan gini, ya nuna mini tsohuwar taya da ake ɗaure bindiga a kai, da buhunan yashi, da doguwar igiyar da ake jan kunama da ita daga nesa. Na yi masa dariya, na ce ashe matsorata kuke yayewa. Amma a mota har na iso gida igiyar nan ba ta bar raina ba."

Na ce to ai igiya ba ta gagari kowa ba, ya ɗaura tasa a bayan gida ya koya wa ɗansa. Ya girgiza kai, ya ce igiya ba baƙuwarsa ba ce, tun yana saurayi ya san ana yi. Sunansa ne aka gina a kan kafaɗa, kuma hannunsa ya riga ya saba.

"Ɗa ba ya ɗaukar abin da ka faɗa masa a shago, 'yata, abin da ya ga hannunka na yi yake ɗauka. In Auta ya zauna a teburin nan, ranar da ya gama ta farko zai ɗora ta a kafaɗa ko na hana shi. Ni kuma a ina zan tsaya in kalla?"

Ya kurɓi shayin, ya dube ni, ya tambaye ni ko na taɓa jin ya yi tari a wani lokaci in ba bayan harbi ba. Na yi tunani, na ce a'a.

"Ba hayaƙi ba ne. Ita ta zaci ban sani ba. Na san kujerar, na san yadda take ajiye wuƙa. Abin da na iya yi mata ke nan, in sanar da ita da wuri ina nan. Ke kuwa ba zan bar miki wannan kujerar gado ba."

Sannan shi ma ya ja mini kunne kada in gaya mata. Haka na fito daga shagon ɗauke da sirrin miji da na mata, kowanne a kan ɗan'uwansa, ga ƙwalla ta hana ni ganin hanya. Na shiga da niyyar faɗa, na fito ina jin kunyar mutumin kamar ban taɓa ji ba.

Na gaya wa maigidana maganar kafaɗa, na riƙe ta tari. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Washegari da ya je gaida Baba bai gaishe shi a tsaye ba, kuma sai da shayinsu ya huce kafin ya fito. Da aka buɗe makaranta ya tafi.

Ba zan ce shekarun nan sun yi daɗi ba. Na yi kuka, na yi gunaguni, na kwana da yarinya mai zazzaɓi ni kaɗai. Shi ma can bai ji da sauƙi ba. Watannin farko ko bindiga ba a bari sun taɓa ba, guntun ƙarfe aka ba kowa da magagari, aka ce ya goge shi har kowace fuska ta daidaita. Ya bugo waya yana huci, wai magidanci da 'ya'ya biyu an zaunar da shi yana gugar ƙarfe tare da yaran da ko gemu ba su yi ba, kuma duk wanda ya kai sai malamin ya dawo masa da shi. Da na faɗa wa Baba sai ya yi murmushi, ya ce lallai malamin nan ya san aikinsa. Baba ne ya riƙa raka babbar 'yarmu makaranta, ƙaramar kuma a cinyarsa ta koyi ƙirga, shi ya sa ta daɗe tana gardama cewa yatsun mutum takwas ne. Harbi kuwa bai daina ba, kuma a wannan lokacin ni ma na fara zama kusa da Mama in an buɗe ƙofar baya.

Maigidana ya dawo da takardar shaida, da akwatin ma'aunai, da abin toshe kunne guda biyu. Baba ya share masa rabin tebur. Ya tsaya yana kallo aka kafa taya a gaban tudun nan, aka jera buhunan yashi, aka ja igiya. Aikin farko da ya miƙa masa kuwa bindiga ce mai baki biyu ta wani tsohon mafarauci da ake kira Dogo, wanda tun kafin a haife ni yake kawo wa Baba gyara, kuma bakinsa ya fi bindigarsa ƙara.

Ranar karɓa Dogo ya zo da abokan farautarsa. Tagar ɗakin girki tana kallon tudun, don haka ina ganin komai. Da ƙofar baya ta yi ƙara Mama ta ajiye wuƙa ta zauna, na duba hannuna na ga ni ma na ajiye tawa. Maigidana ya ɗaure bindigar a kan taya, ya fara warware igiya. Dogo ya dubi tayar, ya dubi Baba, ya tambaya ko taya ce za ta riƙa yi masa farauta. Ya ce shi abin da ya sani a gidan nan, wanda ya gyara shi ke fara harbawa, in mai gyara bai yarda da aikinsa ba, shi don me zai kai fuskarsa kusa da shi? Wani a cikin abokan ya ce ai shekara biyu aka yi ana koya wa yaron tsoro, suka kwashe da dariya.

Na san wuyan mijina in ya sandare. Na ga ya saki igiyar, ya koma wurin taya, ya fara kwance maɗaurin. Duk nisan nan, duk gugar ƙarfen nan, ga shi dariyar mutum huɗu za ta shafe su a gaban idona. Na buɗe baki in kira shi.

Baba ne ya riga ni. Ban taɓa ganin ya yi sauri irin na ranar ba. Ya ɗora hannun nan mai yatsa uku a kan bindigar, ya ture hannun ɗansa a hankali, ya mayar da maɗaurin ya ja shi tam. Sannan ya juya wurin Dogo.

"Dokar nan ni na riƙe ta, yau kuma ni na sauke ta. Aikin Auta na duba shi, ya fi nawa. Mai son harbin kafaɗa, ga tasa nan a jikinsa." Ya ɗaga hannun hagun sama yadda kowa zai gani. "Gidan nan ya ba da biyu, ba zai ƙara ba."

Ba wanda ya sake dariya. Baba ya ɗauki igiyar da kansa, ya kora kowa bayan buhuna, ya karɓi abin toshe kunne ya ɗora har a kan kunnen da ba shi da sauran abin tsarewa. Mutumin da ya kira masu igiya matsorata, shi ne ya durƙusa bayan yashi a gaban tsofaffin abokan cinikinsa ya ja ta. Tagogi suka girgiza, bindiga tana nan lafiya a kan tayarta. Shiru ya biyo baya, sannan muka ji tari sau biyu.

Mama ta tashi ta ɗauki wuƙarta kamar kullum. Na kasa riƙewa, na ce mata yau ba a kafaɗa ya harba ba, da igiya ya ja, yana can nesa bayan buhunan yashi. Ta leƙa taga ta gani da idonta. Ta daɗe a tsaye, sannan ta ce, kamar da kanta take magana, "To wane hayaƙi ne ya kai masa har can?" Ta juyo ta dube ni, ni kuma na dubi ƙasa. Sai ta yi wata 'yar dariya, ta share ido da bakin zane, ta ce, "Tsohon nan."

Abin bai wuce babu asara ba. Dogo ya karɓi bindigarsa yana ƙunƙuni, ya daɗe bai dawo ba, kuma wasu sun bi shi. A layi aka riƙa cewa tsufa ya sa wa Takwas tsoro, maganar ta kai masa ta kunnen dama, ya haɗiye. Na san ta yi masa ciwo, don mutum ne da bai tara komai ba sai suna. Amma bai sake ɗora bindiga a kafaɗa ba, ko wadda ya gyara da hannunsa. Daga baya an kawo wata tsohuwa da tsatsa ta ci ta ciki, maigidana ya ce bai yarda da ita ba, mai ita ya nace a gwada. Ta fashe a kan taya, wani guntun ƙarfe ya farke buhun yashi har ciki. Ranar da yamma na zauna ina kallon mijina yana cin abinci da yatsunsa goma, na yi wa Baba addu'ar da ban taɓa yi wa kowa ba.

Yanzu shagon na maigidana ne, kuma yawancin waɗanda suka tafi sun dawo, har da Dogo, wanda ke faɗa wa mutane shi tun farko ya san igiya ta fi. Kunnuwan mijina duka biyu suna aiki, abin da kaɗai ke damuna ke nan, don ko ƙasa-ƙasa na yi gunaguni a ɗakin girki sai ya amsa mini daga shago. 'Yar kujerar nan kwandon albasa ke kanta. In ƙofar baya ta yi ƙara, wuƙata ba ta barin hannuna, kuma na san wanda ya saya mini wannan kwanciyar hankali da sunansa.

Baba ya tsufa, idon ya kusa ƙarewa, amma duk ranar gwaji sai an kai masa kujera bayan buhunan yashi. Ana jan igiya, ƙara ta lafa, sai ya yi tarinsa sau biyu. Mama kuma ba ta ko ajiye ludayi, sai ta leƙa taga ta ɗaga murya yadda za ta kai kunnen dama, ta ce, "Mun ji ka."